Sarkin Sanyi da Firizar da Ba Ta Ƙanƙara

Daga Allah muke, kuma komai daɗewar zama gare Shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda ɗalibai suka laƙaba wa suna Sarkin Sanyi, mu kuma muke ce masa Baba. Ya rasu a gidansa bayan jinyar wata biyar, ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu da jikoki. Mai shara ce ta leƙo ta gaya mini, hannuna na cikin bokitin ƙanƙara. Ita ta san da ciwon tun farko, don takan je duba shi. Ni kuwa, mai digiri uku, mataimakiyar shugaban sashe, a bakinta na fara jin cewa ya ma kwanta.

Baba, da ka ga abin da aka liƙa a allon sanarwa washegari, da ka yi ɗan murmushin nan naka na gefen baki ka wuce. Farfesa, shugaban sashenmu, shi ya rubuta da kansa. Ya kira ka ginshiƙi, ya kira ka uba, ya ce ka bar giɓin da ba zai cike ba. An nemi hotonka da za a sa, aka birkice duk hotunan sashen, tun na zamanin da ake wankewa a ɗora a kati, ba a samu inda kake kai kaɗai ba. Ƙarshe sai aka yanko ka daga gefen wani hoton taro, inda kake tsaye a bayan manya da bokitin ƙanƙara a hannu. Suka yanke bokitin, tare da rabin kunnenka. Abin da shekara ashirin da biyu ta bar maka a wurinmu ke nan. Takardar ba ta faɗi yadda ginshiƙin ya bar ginin ba, don haka ni zan faɗa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ga shi a taƙaice. A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan ma'aikata da ake kira enzayim, kowanne da aikinsa guda ɗaya tak. Waɗanda muke bincike a kansu su ne masu ɗaukar wasu 'yan gutsattsarin sinadari suna haɗa su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirya tsakiya a zare, har su zama kolesterol da danginsa, waɗanda a ilmance ake kira isofirinoyid. Duk mai neman maganin yawan kitse a jini ko na zaizayar ƙashi yana so ya ga yadda waɗannan ma'aikata suke aiki, da yadda za a rage musu hanzari. To ba a yanka mutum a ciro su. Sai a ɗauko umarnin ƙera su daga ƙwayar halittar ɗan Adam, a dasa shi cikin bakteriya, a rene su a manyan kwalabe cikin wani ruwa mai wari, a farfasa su, a yi ta tacewa. Wahalar mako uku takan ba da abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Matarka ta ce da ta tambaye ka me kake yi a wurin aiki, cewa ka yi, "Ƙwayoyin cuta nake kiwo suna yi mini ƙwadago." Farfesa ya yi lacca a ƙasashe bakwai, bai taɓa faɗin abin a fili haka ba.

Wannan ɗan abin da ake samu ba ya son zafi ko kaɗan, kuma abin da ya fi tsana shi ne a narkar da shi a sake daskarar da shi. Dokarka ɗaya ce, duk wanda ya ratsa ɗakin nan ya haddace ta: "Ba a ta da shi sau biyu." Ranar da aka gama tacewa za ka zauna a kan kujerarka mai gajeriyar ƙafa, ka raba shi ɗigo-ɗigo cikin 'yan kwalaben roba da ba su kai ɗan yatsa ba, ka rubuta wa kowacce suna da kwanan wata da shuɗin alƙalami. Mai bukata ya ɗauki ɗaya, ya yi aikinsa, abin da ya rage ya zubar. Duk kana ajiye su a cikin wata tsohuwar firiza mai murfi a sama, wadda tsatsa ta ci gindinta, ƙanƙara ta yi mata gemu ta ciki, murfin kuma sai an ɗaure shi da robar tayar keke. Tsohuwa kake ce mata. Kullum da safe kafin ka gaisa da kowa sai ka ɗora tafin hannu a jikinta ka saurari gurnaninta.

Ina ɗaliba na fara saninka. Makona na farko na tsaya ina hira da ƙawata, kwalba ɗaya a dunƙule cikin hannuna. Ban ankara ba na ji rula a bayan hannu. Ka ce, "'Yata, hannunki wuta ne. Ko ki sa shi a ƙanƙara ko ki ba ni abina." Na yi fushi kwana biyu, amma har yau ban sake ba. Bayan shekara biyu ina ɗauke da cikin fari, warin ruwan bakteriya ya hana ni shiga ɗakin, da na doso ƙofa sai amai. Ban gaya wa kowa ba, don Farfesa ya riga ya sha faɗa cewa ɗaukar mace a bincike asarar kujera ce. Wata uku ina zuwa ina tarar da kwalabena an rene su, an tace, an jera mini a kan ƙanƙara. Ba ka taɓa ce mini ga abin da ka yi ba. Da na zo yin godiya ma sai ka hau yi mini faɗa a kan na bar famfo yana ɗiga.

Akwai shekarar da wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi, makaniki ya ce sai bayan kwana uku. Farfesa na wurin taro a wani gari, ya bugo waya ya ce a yi duk abin da ya dace, wato ya sauke nauyi ke nan. Kai ka kwashe 'yan kwalaben ka zuba cikin kula, akwatin nan mai riƙe sanyi, ka hau bayan babur cikin tsakar rana, ka je ka roƙi masu sayar da kifi suka ba ka lungu a ɗakin sanyinsu. Ka yi kwana uku kana gadin lungun nan da ma'aunin sanyi a aljihu, kada wani ya jawo kwali ya tura mana aikin shekara huɗu bakin ƙofa. Ko ɗaya bai lalace ba. Ka dawo farar rigarka na ƙarnin kifi, aka yi ta wanki ya ƙi fita. Da wasu baƙi suka zo a makon, Farfesa ya ja ka gefe ya ce ka ɗan tsaya a waje har su tafi. A cikin ɗakin kuwa na ji shi da kunnena yana ba su labarin yadda "muka" ceto aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara biyu da rabi da suka wuce aka ce masu ɗaukar nauyin bincikenmu za su kawo ziyara. Farfesa ya zagaya ɗakin yana yatsina fuska, ya tsaya a kan Tsohuwa ya ce wannan abin kunya ba za a gan shi a sashensa ba. Kwana huɗu sai ga sabuwar firiza, doguwa, mai ruwan azurfa, da fitila a ciki. Farfesa ya tara mu ya buɗe ta yana shafa bangonta, yana cewa mu duba, mai shagon ya tabbatar masa wannan ko shekara goma za ta yi ba za a ga ɗigon ƙanƙara a jikinta ba. Kyan ɗan maciji. Kai ka sa hannu ciki, ka kara kunne, ka zagaya bayanta ka durƙusa ka duba. Sannan ka miƙe ka cire hula.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta gida ce, ta ajiye nama. Abin da ya sa ba ta ƙanƙara, takan ɗumama kanta sau uku ko huɗu a yini ta narkar. Nama bai damu ba. Namu kuwa kullum za ta riƙa ta da su tana mayarwa, za ta kashe su."

Farfesa ya dube ka daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, tuna mini, digirinka nawa?"

Aka kwashe da dariya. Masu digiri shida ne a tsaye a wurin, kuma babu ɗaya a cikinmu da bai san gaskiya ka faɗa ba, don abu ne da ake koya wa ɗalibi a shekarar farko. Amma mai gida ya yi raha, dole 'yan amshin shata su dara. Ni ban yi dariya da ƙarfi ba, na dai sunkuyar da kai na yi murmushi, kuma na daɗe ina lissafa wannan a matsayin jarumtaka. Aka ba ka umarni ka kwashe komai ka mayar cikin sabuwa kafin a tashi. Aka ja Tsohuwa aka kai ta ƙarƙashin matakala, ta zama wurin daskarar da ruwan sha. Baƙi suka zo, suka ɗauki hoto a gaban mai ruwan azurfa, suka tafi suna yabo.

Wata huɗu ba a cika ba gwaje-gwaje suka fara mutuwa a hannun mutane. A zuba enzayim, a jira, injin awo ya zana layi a miƙe kamar an zuba ruwan famfo. Aikin ɗalibai uku ya tsaya cak. Masu ɗaukar nauyi suka rubuto suna tambaya, hukumar makaranta ta kafa kwamiti. Farfesa ya shiga gabansu da babbar murya, ya ce tsufa ya kama mai kula da firiza, yakan bar ƙofa a buɗe, an sha yi masa magana. An bar jaki ana dukan taiki. Kai ko kiran ka ba su yi ba, wai ƙaramin ma'aikaci ba ya zama da kwamiti. Ni suka kira. Wata dattijuwa daga sashen lissafi, wadda ba ta san komai a kan aikinmu ba amma ta san mutane, ta cire tabarau ta tambaye ni ko ka taɓa nuna damuwa a kan sabuwar firizar. A lokacin takardun ƙarin girmana suna kan teburin Farfesa, saura sa hannunsa. Na ce, "Ban tuna ba."

Kalma uku. Da su na sayi kujerar da nake kai yau.

Aka ba ka takarda mai layi biyar, a cikinta akwai kalmar sakaci har sau biyu. Ka ninke farar rigarka ka ajiye a kan kujera mai gajeriyar ƙafa, ka jera makullai a kai. A bakin matakala muka yi kiciɓis, na rasa inda zan sa idona. Ba ka yi mini gori ba. Ka nuna ƙarƙashin matakalar da haɓa, ka ce, "Dakta, don Allah kada a kashe Tsohuwa." Ranar ce ka fara kirana Dakta, da can 'yata kake cewa. Na hana a cire ta daga wuta, duk wanda ya tambaya na ce ɗalibai na bukatar ruwan sanyi. Zuciyata ta raya mini akwai dalilin maganarka, amma na ƙi tona ƙasan firizar, don na san in na gani dole in yi magana.

Wata shida bayan sallamarka, ba sanarwa ba taro, aka ga leburori sun ɗauki mai ruwan azurfa sun kai ta ofishin Farfesa, aka kawo wata irin ta ɗakin gwaji, mai ƙanƙara. Tana nan a ofishinsa har gobe, cike da robobin ruwa da naman da yakan saya a hanya ya ajiye kafin a tashi. Ashe dai ya sani. Sanin bai kai shi ga ɗaukar waya ya kira ka ba. Tun daga lokacin kuma babu wanda ya iya fitar da enzayim mai ƙarfin naka, sai dai a yi odarsa daga waje, a jira wata biyu, ya iso rabinsa a mace.

Ranar Alhamis muka je gaisuwa gidanka. Farfesa ya sa aka ba mu motar sashe, ya shiga gaba. A ƙofar gida ya yi wa 'ya'yanka jawabi na minti ashirin, yana share ido da hankici ba tare da hankicin ya jiƙe ba, ya ce kai da shi kamar wa da ƙane kuke. Ya nemi a ɗauke shi hoto da babban ɗanka. Ihu bayan hari ma ya fi wannan daraja, don mai ihun aƙalla ba shi ya kai harin ba. Babban ɗanka ya tsaya aka ɗauka, saboda tarbiyyar da ka ba shi.

Ni aka shigar da ni ciki wurin matarka. Tana zaune a ƙasa a ɗakinka, tabaranka na kan taga, rediyonka na kan gado. Ta sa aka ba mu wuri. Ta ɗaga matashi ta ciro takardar nan mai layi biyar, ta sha ninki har ta fara rabewa. Ta ce tun da ka dawo da ita ka daina zama a ƙofar gida, don wani maƙwabci ya taɓa yi maka ba'a ya ce an ce ka bar firji a buɗe ka kashe wa gwamnati magani. Ta ce ba ka taɓa ce mata komai a kai ba, in ta tambaya sai ka ce Allah Ya sani.

Ta ce, "'Yar nan, ke kin san aikin nan, ni ban sani ba. Jikokinsa za su girma su ji. Tsakaninki da Allah, ya yi sakacin?"

Na buɗe baki, na ji muryar Farfesa daga waje yana sallama da mutane. Na ce, "Mama, Baba mutumin kirki ne." Ta dube ni, kallon da har in mutu ba zan manta ba, ta mayar da takardar ƙarƙashin matashi. Sannan ta ce, "Ya bar miki saƙo. Ya ce in kin zo, ki duba ƙasan Tsohuwa." Na tambaye ta yaushe ka faɗa. Ta ce tun shekarar da aka sallame ka, kuma ka ce kada a aika mini, a bari sai na zo da ƙafata. Shekara biyu kana jira, Baba, tafiyar minti ashirin a mota.

Washegari da safe na kwashe robobin ruwa, na sa guduma da cokali na fasa ƙanƙarar da ta yi kauri a ƙasa. Can a lungu na tarar da gwangwanin madara an naɗe shi da tsohuwar hularka. A ciki 'yan kwalabe arba'in da biyu, kowacce da shuɗin rubutunka, duk kwanan watansu kafin zuwan sabuwar firiza. Wato ranar da aka ce ka kwashe komai, ka ɗebi kaɗan daga kowane kashi ka bar wa Tsohuwa, ka yi shiru, don ka san in aka ji za a sa ka kai su inda za su mutu. Na ɗauki ɗaya na sa a ƙanƙara, na haɗa gwaji. Layin injin ya ɗaga ya hau. Bai kai ƙarfin ranar da ka tace shi ba, amma yana da rai. Na gwada na biyu da na uku, duk haka. Tukunya ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya aka raba su: waɗanda suka shiga firizar Farfesa sun mutu cikin wata huɗu, waɗanda suka zauna inda ka ce sun fi shekara biyu suna nan.

Na kai wa Farfesa takardar sakamakon. Na zaci ko kunya zai ji. Ina! Fuskarsa ta washe, ya ce alhamdu lillahi, wannan zai ishe mu kammala binciken da ya tsaya. Ya rage murya ya ce mu bar maganar tsakaninmu, a bar kaza cikin gashinta, mamaci ba ya bukatar takarda. Ya ce zai sa a rubuta sunanka a ƙofar ɗakin ajiya, har da ɗan biki. Ya miƙe ya buɗe mai ruwan azurfa ya ciro mini ruwan sanyi. Ban karɓa ba.

Na rubuta wa hukumar makaranta, na haɗa da sakamakon, na ce shaidar da na bayar a gaban kwamiti ƙarya ce, na nemi a janye takardar sallamarka a rubuta wa iyalinka wata. Dattijuwar sashen lissafi ta karɓa da hannunta, ta karanta a tsaye, ba ta ce mini sannu ba, kuma ban cancanci ta ce ba. An gaya mini mai yiwuwa kujerata ta tafi. Ta tafi mana, dama ba tawa ba ce. Gwangwanin yana nan a ƙasan Tsohuwa, na sa mata kwaɗo, makullin na wuyana.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya sanyaya shi, Ya sa amanar da ka riƙe ba mai ganinka ta zama haske a gabanka. Allah Ya sa ciwon da ka sha da wulaƙancin da ka haɗiye su zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da jikokinka, da mai shara wadda ta fi mu sanin hanyar gidanka, da ɗaliban da suka ci rularka suka zama mutane. Allah Ya ba su haƙuri. Farfesa ban yi masa ta'aziyya ba, don bai yi rashin kowa ba.

Mama, ke kuma ga amsar da na kasa ba ki a ɗaki, na rubuta ta inda maƙwabta za su karanta, jikoki su tarar: mijinki bai yi sakaci ba. Ya faɗi gaskiya a gaban mutum shida, ya cire hula ya faɗe ta, muka yi dariya.

Baba, an tambaye ni ko ka yi magana, na ce ban tuna ba. Ban san ko ka yafe mini kafin ka tafi ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya. Na tuna, Baba. Wallahi ko a ranar ma na tuna.